FILIN MATA: Wa Ke Da Ɗan Riƙo?

  

A makon jiya na yi muku alkawarin maganar yaye. Ku gafarce ni, sai wani jiƙon. Wani abu ya faru a kan idona wanda ya hana ni barci, na ga in ban faɗa muku ba na ci amanar filin nan.

Ran Talata da la'asar, da na taso daga kasuwar Kawo, sai na biya wani gida barka. Na tarar da ɗaki cike da mata ana ta hira. Can sai wata ta ce ta ji a rediyo, wai a waɗansu ƙasashe mace da mace, ko namiji da namiji, su kan ɗaura aure, har hukuma ta ba su yaro su riƙa kamar ɗan cikinsu. Kai, nan da nan ɗaki ya kaure! Wannan na salati, wannan na tafa hannu, wata na cewa, "Wayyo yaran nan, wa zai ji tausayinsu?"

Ni kuwa ina zaune bakin ƙofa, idona yana tsakar gida. Wata yarinya ce 'yar shekara kamar tara ta duƙa gaban tulin kwanoni tana wanke-wanke. Na san ta sarai, gama a ajina ta ke, amma tun da aka dawo hutu ko ƙeyarta ban gani ba. Matar da ke riƙonta a gidan ta ke haya, ita ce ma ta fi kowa ɗaga murya a ɗakin. Na ce mata, "Yaya, ko lafiya ba na ganin yarinyar nan a makaranta?" Sai ta ce, "Ayya Malama, ai 'yar riƙo ce. In ta tafi wa zai kai mini awara tasha?" 'Ya'yanta biyu kuwa da ta haifa ba su taɓa fashin ko rana ɗaya ba.

To, ga tausayin yaran da ke bayan teku ya cika ɗaki, ga kuma yarinya a tsakar gida ba mai duban ta.

ABIN DA KE FARUWA A CAN

Tun da maganar ta riga ta shigo ɗakunanmu, gara ku ji ta daidai, kada ku tsaya ga "an ce, an ce". Gaskiya ne akwai ƙasashen da suka yarda da abin da a ke kira auren jinsi. Ƙasar Holan ce ta fara a 2001, ta kuma yarda irin waɗannan ma'aurata su ɗauki yaro tare. A Ingila dokar da ta ba su damar ɗaukar yaro ta fara aiki a 2005. A Amurka babbar kotun ƙasar ta halatta auren a 2015. A nan Afirka kuwa, Afirka ta Kudu ta halatta shi a 2006, amma tun kafin nan an yi wata shari'a a can wadda na ke so ku ji.

Waɗansu mata biyu ne, Anna-Marié de Vos da Suzanne du Toit, suna zaune tare tun 1989. A 1995 suka ɗauki yara biyu, mace da namiji, 'yan ɗaki ɗaya. Dokar ƙasar a sa'an nan ta ce miji da mata kaɗai ke iya ɗaukar yaro tare, saboda haka sunan de Vos kaɗai aka rubuta. Ita du Toit, wadda ita ce ke wuni da yaran, ba ta da wani iko a kansu a idon doka. In ɗayar ta mutu, ko kuwa suka rabu, yaran ba su da wata takarda da ta haɗa su da matar da ta raine su. Suka kai ƙara, suka ce an nuna musu bambanci, an kuma bar yaran cikin haɗari. Ran 10 ga Satumba 2002 Kotun Tsarin Mulki ta ƙasar ta ba su gaskiya.

A nan ƙasarmu al'amarin dabam ya ke. A watan Janairu 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta hana auren jinsi, ta yanke ɗaurin shekara 14 ga wanda ya yi. Malamanmu na Musulunci da mafi yawan shugabannin Kirista na ƙasar nan ba su yarda da shi ba, dokarmu kuwa ba ta san irin waɗannan ma'aurata ba balle ta ba su yaro tare. Masu kare haƙƙin ɗan Adam, na gida da na waje, sun soki dokar, suna cewa ta jawo ana tsangwamar mutane. Labarin ke nan yadda ya ke. Abin da zan ƙara kawai, ba dokar da ta ba ki izinin zagi ko ƙazafi, mace mai mutunci kuwa ba ta shafa wa maƙwabciyarta kashin kaji a kan jita-jita.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar da ke ƙarƙashin shari'ar can: in wanda ke riƙon yaro ya faɗi ya mutu yau, ina yaron zai kwana gobe? Ko me ki ke gani game da matan nan biyu, tambayar nan tamu ce, domin mu mutane ne masu riƙon 'ya'yan juna ƙwarai, amma ba mu cika rubuta kome ba.

RIƘO GADONMU NE

Da wuya ki sami gidan Bahaushe wanda ba a taɓa riƙon ɗan wani a ciki ba. Uwa ta kan ji kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗi, in an yaye shi sai a kai wa kaka ko goggo. Amarya ta kan tare da 'yar zaman ɗaki. Matar da Allah bai ba haihuwa ba, ɗan'uwanta ya kan ɗauki ɗa guda ya ce, "Ga naki." Ga maraya, ga kuma agola da uwarsa ta shigo da shi gidan wani miji.

Akwai wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau da a ke kira Baba ta Karo, wadda ta rasu a 1951. Ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta a garin Giwa cikin 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a 1954. Baba ta yi aure har sau huɗu ba ta taɓa haihuwa ba, amma ba ta zauna hannu wofi ba, gama dangi sun ba ta 'ya'ya ta raina. Al'adar nan ta share wa mata da yawa hawaye, ta kuma rufa wa marayu asiri tun ba a san wani abu wai shi gidan marayu ba.

Amma fa ku lura, a zamanin su Baba galibi mai bayarwa da mai karɓa dangi ne da ke ganin juna. Uwa tana ganin ɗanta ran kasuwa, ko ran suna, ko ran biki. In an cuce shi, kafin a jima labari ya kai kunnen kawu. Gari duka shaida ne. Yanzu kuwa sai a sa yarinya a mota daga ƙauye, a sauke ta tashar Kawo da ƙunshin tufafinta cikin leda, a miƙa ta ga wata wadda uwarta ko ƙofar gidanta ba ta sani ba. Sunansa dai riƙo, amma in kin duba da kyau aikatau ne wanda ba albashi. Ita ke tashi da asuba, ita ke kwanciya a ƙarshe, ita ke cin ƙanzo. Irin wannan shi ne riƙon sakainar kashi.

RANAR WANKA

Kada ku ce duk masu riƙo haka su ke. Akwai masu riƙon tsakani da Allah, su ma kuwa abin ya kan ci su. Na san wata baiwar Allah a nan unguwarmu, ba ta haihu ba, ta karɓi ɗiyar ƙanwarta tun daga yaye. Ita da mijinta suka riƙe yarinyar shekara goma sha huɗu, ba abin da ta nema ta rasa. Mijin ya kan ce a gaban kowa, "Ɗakin nan na bakin zaure nata ne, da kuɗin hayarsa za ta yi karatu." Sai dai a baki maganar ta tsaya. Rana ɗaya ciwon ajali ya zo masa ba sallama.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da aka zo rabon gado, malam ya yi abin da shari'a ta ce. Matar ta sami rubu'i tun da mamacin bai bar ɗa ba, saura ya tafi ga 'yan'uwansa. Yarinyar ba ta cikin magada. Aka tambaya, akwai wasiyya? Babu. Akwai shaidar an damƙa mata ɗakin? Babu. Aka sayar da gidan. Matar ta koma gaban yayanta, yarinyar aka mai da ita ƙauye tana aji biyar na sakandare, ba ta ko zauna jarrabawar fita ba. Ba wanda ya yi sata a nan, ba kuwa wanda ya karya doka. Takarda guda wadda ba ta kai tafin hannu biyu ba, da ta isa ta hana wannan.

ABIN DA ADDINI YA CE

Mu Musulmi mun sani Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa maraya ya tashi. Halimatu Sa'adiyya ta shayar da shi, kakansa Abdulmuɗallabi ya riƙe shi, bayansa kuma baffansa Abu Ɗalibi. Ya yi wa mai ɗaukar nauyin maraya albishir da zama kusa da shi a Aljanna.

Shi ma ya riƙi Zaidu ɗan Harisa, har mutane suna kiransa da sunan Manzo, sai aka saukar da hukunci cikin Suratul Ahzabi cewa a kira yaran riƙo da sunan ubanninsu. Daga nan malamai suka fitar da ƙa'ida: ki ci da shi, ki sha da shi, ki tufatar da shi, ki ilmantar da shi, amma kada ki sake masa uba. Ba ya gadonki don riƙo kaɗai. Wannan shi a ke kira kafala da Larabci, har yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta ambace ta cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa gida.

To, waɗansu sai su tsaya a "ba ya gado", su manta shari'ar ta buɗe ƙofa biyu. Ta fari wasiyya: mutum yana da ikon yin wasicci da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba ga wanda ba magajinsa ba ne, ɗan riƙo kuwa yana ciki. Ta biyu kyauta: yana iya ba shi gona ko ɗaki ko keken ɗinki tun yana da lafiya, a gaban shaidu, a kuma damƙa abin, domin kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya mutu ta kan koma cikin gado. Akwai kuma maganar nono. Jaririn da mace ta shayar kafin ya cika shekara biyu ya zama ɗanta na shayarwa, ba aure tsakaninsa da ita ko 'ya'yanta, ko da ya ke wannan ba ya jawo gado. Wadda ta riƙi namiji wanda ba muharraminta ba, ta tambayi malami tun yaron bai balaga ba.

ABIN DA HUKUMA TA CE

Gwamnatin tarayya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, Jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar kare yara a 2018. Dokar tarayya ta raba abin gida biyu. Akwai riƙo da izinin kotu, wanda yaro ke zama hannunki amma iyayensa suna nan matsayinsu na iyaye. Akwai kuma ɗauka ɗungum, wadda kotu ke mai da yaro ɗanki a idon doka, har ya ci gadonki kamar ɗan ciki. 'Yan'uwanmu Kirista da yawa wannan ta biyun su ke bi, mu kuwa ta farin ce ta fi dacewa da kafala.

Ba a ba kowa yaro haka kawai. A dokar tarayya, miji da mata sai kowannensu ya kai shekara 25. Wanda ba shi da aure sai ya kai 35, kuma mace mace za ta ɗauka, namiji namiji. Mai ɗauka ya girmi yaron da shekara 21 aƙalla, yaron kuma ya zauna hannunsa wata uku a jere kafin kotu ta yanke. Ma'aikatan jin daɗin jama'a su kan bincika gidan tukuna.

Waɗansu na ganin wannan wahala ce, sai su bi ta bayan gida. Ina jan kunnenku ƙwarai. Duk wanda ya ce zai samo miki jariri da kuɗi, ki guje shi kamar wuta. A 2019 'yan sanda sun gano yara tara da aka sace daga Kano aka sayar a Onica, an sake musu suna, waɗansu har sun manta Hausa. Kowane ɗayansu akwai uwar da ta shekara tana kuka. Matar da ta sayi ɗa, ko da son haihuwa ne ya kai ta, hawayen wata ta saya.

SHAWARATA GARE KU

Na ɗaya. Ran da za ki karɓi yaro, a zauna da iyayensa ko danginsa, da maigidanki, da mai unguwa ko limami. A rubuta wa ya bayar, wa ya karɓa, wa zai biya makaranta da magani, wa kuma zai ɗauke shi in ke ba ki nan. Kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na biyu. A yi masa takardar haihuwa a ofishin Hukumar Ƙidaya, da sunan ubansa na gaskiya. Za a neme ta wajen shiga makaranta da wajen jarrabawa.

Na uku. In yaron ba danginki ba ne, ko tsintarsa aka yi, ki je ofishin jin daɗin jama'a na jiha su nuna miki hanyar kotu. Kada ki ɓoye shi a ɗaki ki ce ke kika haifa.

Na huɗu. Ki lallaɓi maigida ya rubuta wasiyya, ke ma ki rubuta taki in kina da abin hannu. Rubuta wasiyya ba ya kiran mutuwa. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki kawo maganar da ladabi.

Na biyar. Kwano ɗaya, tabarma ɗaya, makaranta ɗaya, ɗinkin salla iri ɗaya. In kin aiki 'yar riƙo ɗebo ruwa, 'yar cikinki ta ɗauki tsintsiya. Yara suna gani, ba su kuwa mantuwa.

Na shida. Kada ki ɓoye masa asalinsa har ya ji a bakin 'yan gori ran da faɗa ya haɗa su. Ki faɗa masa da kanki, a hankali, daidai hankalinsa. Ki riƙa kai shi ganin danginsa, gama zumunta a ƙafa ta ke.

Ku kuma uwayen da ke ba da 'ya'ya, kunya ba ta ce ki rufe ido ba. Ki je ki ga inda ɗiyarki ke kwana. In ba ki iya tambaya da bakinki, ki aiki ƙanwarki ta tambaya.

GARE KU 'YAN MAKARANTA

Na sani cikinku akwai 'yan riƙo da yawa, waɗansu ma a ɓoye za su karanta wannan bayan sun gama aiki. Ƙanwata, riƙo ba abin kunya ba ne, manyan mutane da yawa a hannun goggo ko kaka suka tashi. Ki yi biyayya, ki yi wa mai riƙonki addu'a, ko ba kome ta ci da ke. Amma in ana hana ki makaranta, ko ana dukanki fiye da kima, ko wani namiji a gidan yana taɓa ki, kada ki haɗiye. Ki faɗa wa malamarki ko wata babba da kika amince da ita.

Ku kuma 'yan gida, ku bar gorin nan na "gidan ubanki ne?" Ba wadda ta zaɓi inda za ta tashi, ba kuwa wadda ta san hannun da nata 'ya'yan za su faɗa. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Waɗansu kuma su kan ce tsintacciyar mage ba ta mage, ni kuwa na ce ɗan mutum ba mage ba ne, abin da kika shuka a zuciyarsa shi za ki girba.

Ran Alhamis na koma gidan nan ni kaɗai, na sami matar ba kowa. Ban yi mata faɗa ba, gama ita ma da ribar awarar nan ta ke ci da yara uku. Muka yi lissafi tare, muka ga ashe cinikin tasha da yamma ya fi ƙarfi. Ta yarda yarinyar ta riƙa zuwa makaranta da safe, tallan kuwa babban ɗanta ya riƙa kama mata. Ran Juma'a na ga yarinyar a layi, sanye da tsohuwar rigar 'yar gidan wadda ta yi mata yawa. Ko abin zai ɗore, Allah ne masani, amma sunanta yana rajistata, ni kuwa na san ƙofar gidan.

Wadda ke da labarin riƙo, mai daɗi ko mai ɗaci, ta rubuto mini ta hannun Edita, ba zan buga sunanta ba. Maganar yaye kuwa sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya raya mana zuriya, namu da na riƙo baki ɗaya, amin.

Haza wasalam.

'Yar'uwarku,
Kawo, Kaduna.